Salsalar gida a intanet: yadda tarihin kakanni ke zama makamin masu sojan gona

A watan Oktoban 2023 wani mai kutse ya fito a kasuwar ɓarayin intanet yana tallar bayanan abokan hulɗar 23andMe, kamfanin nan na Amurka da ake aika wa yawu a 'yar kwalba, ya gwada ƙwayoyin halitta, sannan ya gaya wa mutum asalinsa da danginsa. Da aka bincika, sai aka tarar ɓarayin ba su fasa rumbun kamfanin ba. Kalmomin sirri da aka sace a wasu wurare suka riƙa gwadawa ɗaya bayan ɗaya, suka dace da masu amfani da kalma guda a ko'ina, har suka buɗe asusu kusan 14,000. Sun shafe kimanin wata biyar suna wannan aiki ba a farga ba. Daga waɗannan asusu ne suka kwashi bayanan mutum miliyan 6.9, wato kowace ƙofa da aka buɗe ta fallasa kusan mutum 500.

Dalilin wannan yawa shi ne ainihin abin da kamfanin ke sayarwa: dangantaka. Akwai sashen da ke haɗa mutum da duk wanda gwaji ya nuna jininsu ɗaya, ya nuna masa sunansa, shekarar haihuwarsa, garin da yake, sunayen gidajen da ya fito da kuma kusancinsu. Duk wanda ya shiga asusun mutum ɗaya ya ga na 'yan uwansa duka. Mafi yawan waɗanda abin ya shafa ba su yi sakacin komai ba. Wani ɗan uwa na nesa da ba su taɓa gani ba ne ya bar ƙofarsa a sake. Wani abin da ya fi tayar da hankali shi ne yadda ɓarawon ya kasa hajar tasa: jerin farko da ya tallata na Yahudawa ne 'yan asalin Turai, wani kuma na masu asali da China. Da ƙabila ya ware su, don ya san akwai masu neman irin wannan jeri.

Kamfanin ya amince a 2024 zai biya diyyar dala miliyan 30, hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci shi tarar fam miliyan 2.31 a watan Yunin 2025, kuma tun a watan Maris na 2025 ya shigar da takardar durƙushewa a kotu. A nan ne masu hulɗa da shi, su kusan miliyan 15, suka gane cewa bayanan jininsu na cikin kadarorin da za a yi gwanjonsu. Daga bisani wata cibiya ta matar da ta kafa kamfanin, Anne Wojcicki, ta saye shi kan dala miliyan 305. Kafin wannan, a 2018, kamfanin MyHeritage ya sanar da cewa an sace adireshin imel na masu amfani da shi miliyan 92. Ancestry kuwa, babbansu, kamfanin zuba jari na Blackstone ne ya saye shi a 2020 kan dala biliyan 4.7. Kuɗin nan kaɗai ya isa ya nuna cewa tarihin dangi haja ce mai tsada.

Bahaushen Garwa ko Kumasi ko Anjamena zai iya cewa wannan matsalar Turawa ce, shi bai taɓa aika wa kowa yawunsa ba. Gaskiya ne. Amma abin da ya faru a can, wato mutum ɗaya ya tona asirin ɗaruruwa ba da saninsu ba, yana faruwa a zangonni ta wata hanya mai araha: zaurukan zumunta na WhatsApp da shafukan zuri'a a Facebook. Kuma akwai kyakkyawan dalilin da ya sa suka yawaita. Gidan da kakansa ya bar Kano ko Katsina ko Damagaram da jakunan fatauci a kan hanyar Gwanja, ko ya nufi gabas da niyyar aikin Hajji ya yada zango a Sudan, yau jikokinsa sun warwatsu a ƙasashe huɗu ko biyar, wasu da Faransanci suka yi karatu, wasu da Turanci, wasu da Larabci. A da ana cewa zumunta a ƙafa take. Yanzu tsadar mota da shingayen kan iyaka sun mayar da ita cikin waya. Matashin da ya zauna da tsohuwa ya rubuta sunayen kakanni kafin ta tafi da su kabari aikin kirki ya yi, kuma ya cancanci yabo.

Matsalar tana cikin abin da ke biyo bayan sunayen kakannin. Da zarar an fara haɗa salsala, sai a ce kowane gida ya turo na 'ya'yansa. Don gudun kuskuren rubutu, sai a ɗauki hoton takardar haihuwa a tura. Wani ya ƙara da tsohon katin ɗan ƙasa na marigayi, wata ta kawo takardar ɗaurin aure, wani ya sa takardar rabon gado mai ɗauke da sunayen magada, matan mamaci da lambar fili. Ranar sadakar arba'in a buga sanarwa mai jera 'ya'ya da jikoki da garuruwan da suke. Daga ƙarshe a tattara komai a fayil ɗaya a rarraba. Zauren WhatsApp na iya ɗaukar mutum 1,024, kuma babu wanda zai rantse ya san kowace lamba a zauren da ya kai ɗari uku. Wayar da aka sace a tasha, ko wadda aka sayar ba a goge ba, ita ma tana cikin zauren.

Mabuɗin da ba a canzawa

Abin da ya bambanta bayanan salsala da sauran abin da ake sata shi ne ba su canzuwa. Wanda aka sace wa kalmar sirri zai yi sabuwa cikin minti biyu. Wanda aka sace wa katin banki zai toshe shi. Sunan mahaifiya, ranar haihuwa da garin haihuwa kuwa suna nan har mutuwa, kuma su ne tambayoyin da bankuna da kamfanonin waya suka daɗe suna yi idan suna son tabbatar da cewa mai magana shi ne mai asusu. A watan Satumban 2008 wani ɗalibi ɗan shekara 20 ya shiga akwatin imel na Sarah Palin, wadda ke takarar mataimakiyar shugaban Amurka a lokacin, ba tare da wata ƙwarewa ba: ya ce ya manta kalmar sirri, aka tambaye shi ranar haihuwa, lambar gidan waya ta unguwa da inda ta haɗu da mijinta, ya nemo amsoshin a intanet.

Abin mamaki, Hausawa sun riga bankuna sanin darajar sunan uwa. Ba a kiran sa barkatai, ɗa ba ya ambatonsa a bainar jama'a, kuma kowa ya san cewa wanda ya je wurin boka da mugun nufi, abin da za a fara tambayarsa shi ne sunan mahaifiyar wanda yake so a yi wa aiki. Ko mutum ya yarda da asiri ko bai yarda ba, wannan kunya ta yi shekaru tana aikin katanga. Salsalar zamani, wadda ake so ta fito cikakkiya da ɓangaren uwa da na uba, ita ce ta fara rushe ta, kuma da hannun 'yan gida.

Tsarin sunayen Hausawa ma yana sauƙaƙa wa mai mugun nufi. Sunan yanka, sunan uba, wani lokaci da na gari, kamar yadda ake gani a sunayen Aminu Kano da Shehu Shagari. A gida ɗaya ana iya samun Muhammadu biyar da A'isha huɗu, duk an yi wa kaka ɗaya takwara. Mai riƙe da cikakkiyar salsala zai iya zaɓar wanda shekarunsa suka yi daidai da nasa, ya san sunan uwa, na kaka da na ƙanne, ya amsa duk tambayar da jami'i zai yi masa ba tare da in-ina ba.

Inda takarda ke tsayawa a kan shaida

A ƙasashen da kowace haihuwa ke shiga kwamfuta tun ranar farko, mai sojan gona sai ya yi da gaske. A wannan yanki abin ya sha bamban. Rahoton UNICEF na ƙarshen 2024 ya ce yara miliyan 150 'yan ƙasa da shekara biyar ba a yi musu rajistar haihuwa ba a duniya, kuma fiye da rabinsu a Afirka kudu da Sahara suke. Wanda aka haifa a gida, wa'adin rajista ya wuce, a ƙasashen da ke aiki da Faransanci sai ya je kotu ya nemi hukuncin da ake kira jugement supplétif. Abin da ake buƙata shi ne sunansa, na uba, na uwa, wuri da lokacin haihuwa, da shaidu. A Ghana ma, wanda ba shi da takarda zai iya samun katin ɗan ƙasa idan wani ɗan uwa mai kati ya rantse ya tsaya masa. An yi waɗannan hanyoyi ne don talaka kada a bar shi a baya, kuma miliyoyin mutane sun amfana. Sai dai duk tsarin da ya dogara ga sanin dangi, wanda ya haddace dangin wani zai iya bi ta cikinsa.

Kasar Cote d'Ivoire ta nuna girman abin. Amfani da takardar haihuwar wani, ta wa ko ta ƙane ko ta maƙwabci, don shiga makaranta ko rage shekaru ya yi yawan da a watan Nuwamban 2018 aka kafa doka ta musamman da ke bai wa masu yin haka damar komawa ainihin sunansu ba tare da an hukunta su ba. Yawancin waɗannan da yardar iyaye aka yi su, amma sakamakon ɗaya ne da na sata: mutum biyu a kan takarda ɗaya. Kafin zuwan rajistar zanen yatsa, su biyun kan rayu ba su taɓa cin karo ba. Yanzu wanda ya riga zuwa aka ɗauki yatsunsa shi ne mai sunan a idon kwamfuta, ko da shi ne na jabu. Mai sunan na gaskiya sai ranar da ya je neman fasfo, ko rajistar jarrabawa, ko kujerar Hajji, a ce masa ai an riga an ba shi.

Matattu ma ba su tsira ba, musamman yaran da suka rasu suna ƙanana, waɗanda kowace salsala ke lissafawa don kada a manta da su. Yaron da aka yi wa takardar haihuwa amma ba a kai rahoton rasuwarsa ma'aikatar magajin gari ba, a kan takarda yana raye, yana girma kowace shekara, kuma ba zai taɓa zuwa ya yi ƙorafi ba. Dabarar tsohuwa ce: a Birtaniya an gano cewa har 'yan sandan ciki sun yi shekaru suna aro sunayen yaran da suka mutu don ɓoye kansu, abin da ya jawo babban bincike. A Amurka kuwa, yawan masu karɓar kuɗin haraji da sunan matattu ne ya sa a ƙarshen 2013 aka taƙaita damar duba kundin mamata na hukumar inshorar jama'a har sai an shekara uku da rasuwar mutum, duk da ƙorafin masu binciken salsala da suka saba amfani da shi.

Ba kowane ɓarawo ne ke da haƙurin zuwa kotu ba. Akasarinsu kuɗin yau suke nema, kuma a nan salsala ta fi saurin biya. 'Yan damfarar da ake kira brouteurs a Abidjan, feymen a Kamaru, 'yan sakawa a Ghana (kalmar ma daga Hausa aka are ta), jarinsu shi ne yarda. Kiran da aka fara da "Baba, ni ne jikan Hajiya ta Agadas, ɗan wajen ƙanwarka" ya riga ya wuce rabin hanya, domin dattijon da aka kira zai ji kunyar ya ce bai gane ba. Daga nan sai labarin hatsari a hanya, ko kaya da aka riƙe a kan iyaka, da lambar da za a tura kuɗi. Wata hanyar ita ce a nemi mutum ya karanto lambobi shida da suka shigo wayarsa, da sunan za a sa shi a sabon zauren zuri'a. Da ya faɗa, an ƙwace WhatsApp ɗinsa, an shiga roƙon 'yan uwa da sunansa. Zaurukan dangi cike suke da saƙonnin murya, kuma manhajojin kwaikwayon murya sun yi araha, don haka jin muryar da aka sani ya daina zama hujja.

Abin ya fi muni idan aka haɗa bayanan gida da na hukuma. A 2024 'yan jarida da ƙungiyar Paradigm Initiative sun bankaɗo shafukan da ke sayar da bayanan lambar ɗan ƙasa ta NIN a Najeriya kan naira 100 zuwa 200. Mai lamba da hoto daga can, da sunan uwa da na kaka daga zauren dangi, ya tara kusan duk abin da ake tambaya kafin a sauya layin waya, kuma layin waya a yau shi ne asusun ajiyar mutane da yawa.

Akwai kuma haɗarin da ya keɓanta ga waɗanda ke zaune a matsayin tsiraru, wanda jerin ƙabilun 23andMe ya kamata ya tuna musu. Tambayar "daga ina kakanka ya zo?" ta sha zama makami a yankin nan. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta bai wa baƙi marasa takarda mako biyu su bar Ghana, kuma cikin waɗanda suka kwashe kaya har da mutanen zango da aka haifa a can. Dokar zama ɗan ƙasa ta Sudan ta 1957 ta nemi a nuna cewa zuri'ar mutum na ƙasar tun ƙarshen 1897, alhali ayarin da ya bi Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903 ne ya isa. A Cote d'Ivoire, gardamar asalin iyaye ce ta hana Alassane Ouattara takara a 2000. Salsalar da ke alfahari da cewa kaka ya taso daga Sakkwato a shekara kaza gaskiya ce kuma abin tinƙaho ce. Amma a hannun abokin hamayyar siyasa ko mai jayayyar fili, ita ce takardar da zai ɗaga ya ce ga shaida daga bakinsu. Wannan ba dalili ba ne na ɓoye asali, domin sau da yawa tarihin ne ke tabbatar da cewa gida ya shekara ɗari a gari. Dalili ne na a san wa ke riƙe da kwafi.

Masu aikin adana tarihi sun daɗe da samo matsakaiciyar hanya, kuma mai sauƙi ce: a raba matattun da suka daɗe da masu rai. A Faransa sai rajistar haihuwa da ta aure ta shekara 75 kafin a buɗe ta ga kowa. Amurka na rufe bayanan ƙidayar jama'a shekara 72, shi ya sa na 1950 sai a 2022 suka fito; Ingila na jira shekara 100. FamilySearch, ta cocin Mormon, wadda ta daɗe tana naɗar salsalar baka a ƙauyukan Afirka ciki har da Ghana da Najeriya, tana ɓoye duk wanda aka nuna yana raye a bishiyar dangi, sai wanda ya shigar da shi kaɗai ke ganinsa. Waɗannan hukumomi da tarihi suke ci, amma ba su ga saɓani tsakanin adanawa da rufewa ba.

Gida ma zai iya bin wannan ƙa'ida ba tare da kashe ko sefa ɗaya ba. Labarin kakanni, hanyar da suka bi, sana'arsu, malaman da suka yi karatu a wurinsu, duk a baza su, don su ne abin da jikoki ke nema. Daga kan iyaye masu rai zuwa ƙasa, sunan yanka ya isa, ba sai da ranar haihuwa da sunan uwa ba. Hoton takarda kuwa, kowace iri ce, ba shi da wurin zama a zaure. Mai haɗa salsala ya karɓa a keɓe, ya kwafi abin da yake buƙata, ya goge. Cikakken kundin ya zauna a hannun mutum biyu ko uku da dangi suka amince da su, kamar yadda a da ake ajiye shi a gafakar malamin gida. Yaran da suka rasu a kai rahotonsu a karɓi takardar rasuwa, ko da an makara. Tambayar sirri ta banki ba dole ne a ba ta amsar gaskiya ba, amsar da mutum zai tuna ake buƙata. Wanda kuma aka kira da sunan ɗan uwa ana neman kuɗi, ya kashe ya kira tsohuwar lambar da ya sani. Abin da ya fi wuya a cikin duka shi ne a gaya wa babban yaya ko kawu cewa ya sauke abin da ya ɗora, domin a gidajen Hausawa ƙarami ba ya gyara wa babba a gaban jama'a. Wannan aikin masu kula da zaure ne, kuma ya fi sauƙi idan an kafa sharaɗin tun ranar buɗewa.

Ta fuskar doka, takardu sun samu. Ghana na da dokar kare bayanai tun 2012, Chadi tun 2015, Nijar tun 2017 tare da hukumar HAPDP, Najeriya ta sa hannu a tata a watan Yunin 2023, Kamaru ta bi sahu a ƙarshen 2024. Yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka, wadda aka amince da ita a 2014, sai a 2023 ta fara aiki. Amma an tsara dokokin ne da kamfanoni da ma'aikatu a zuciya, kuma galibinsu ba su shiga abin da mutum ya yi a harkar gidansa. Ikon kowace hukuma kuma a kan iyaka yake tsayawa, alhali dangin da ake magana a kansu sun ƙetare ta. Matar da ke Marwa, wadda ɗan baffanta na Tamale ya ɗora takardar haihuwarta, wani kuma ya yi amfani da ita a Kano, tana da hukumomi uku a ƙasashe uku da harsunan aiki biyu, kuma tun ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga ECOWAS a watan Janairun 2025, ƙa'idar bai ɗaya ta 2010 da ƙungiyar ta kafa kan bayanan mutane ta rasa uku daga cikin ƙasashen da aka yi ta dominsu.